Maroƙi da dillaliya: abin da tallar yaji ta koya mini

A ƙarshen shekarar 2020, bayan na kammala karatun harkar kasuwanci na kuma yi bautar ƙasa, na sami aiki a wata ƙaramar masana'anta da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, inda ake sarrafa yajin daddawa da yajin tafarnuwa da garin kunu, ana zubawa a robobi masu tambari. Mai wurin wata Hajiya ce da ta fara sana'ar a tsakar gidanta da turmi ɗaya, tun ina goye. Aikin da ta ɗauke ni ta faɗe shi a taƙaice: in riƙe wayar kamfani, in sa mutane su san sunan yajinta.

Na shigo aikin da kai cike da labaran aji. Wanda ya fi burge ni shi ne na biskit ɗin Oreo. A watan Fabrairun 2013 wuta ta ɗauke fiye da rabin awa ana tsaka da wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka a birnin New Orleans, kuma kafin ta dawo masu kula da shafin kamfanin sun riga sun saki hoto a Twitter suna cewa ko cikin duhu ana iya tsoma biskit a madara. Duniya ta ɗauka. Abin da na fahimta daga labarin a wancan lokacin shi ne, duk wanda ya riga kowa hawa kan abin da ake yayi, to ya gama ciniki. Ban tsaya na lura cewa Oreo ya haura shekara 100 a kasuwa kafin wannan daren ba, kuma duk wanda ya yi dariyar hoton ya riga ya san ɗanɗanon biskit ɗin da shagon da ake sayar da shi.

Saboda haka da wata magana ta barkwanci ta fara tashe a TikTok da Facebook a farkon 2021, na lallaɓa Hajiya har ta amince muka biya wani ɗan wasan barkwanci mai ɗimbin mabiya ya yi mana bidiyo. Ya yi abin da ya iya, ya ɗora maganar da ake yayi, ya ɗaga robar yajinmu a ƙarshe na ɗan lokacin da bai wuce ƙiftawar ido biyu ba. Bidiyon ya yaɗu fiye da yadda na zata. Kwana uku ban yi barcin kirki ba, ina kallon adadin masu kallo yana hawa, ina ɗaukar hotonsa ina turawa abokan karatuna. Ranar ta huɗu na kai wa Hajiya wayar da hannu biyu ina murmushi. Ta duba, ta gyara gilashinta, ta ce, “Ɗan nan, duk waɗannan mutanen, roba nawa suka saya?” Ban da amsa, domin ban ma yi tunanin ƙirgawa ba. Da muka buɗe littafin ciniki, satin bai bambanta da wanda ya gabace shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru a gabana a wani shagon kayan masarufi cikin babbar kasuwa. Wata mata ta shigo ta ce a ba ta yajin nan na mutumin nan mai ban dariya. Mai shagon ya miƙa hannu ya ɗauko mata na wani kamfani daban, ta biya ta tafi tana murna. Ta tuna ɗan wasan sarai, ta tuna maganarsa, amma sunanmu bai zauna mata ba ko kaɗan. Da kuɗinmu muka ƙara wa ɗan wasa suna, muka kuma sayar wa abokin gasa roba ɗaya.

Maimakon in dawo cikin hayyacina, sai na ɗauka barkwancin ne bai yi zafi ba. Na rubuta wani gajeren wasa da kaina, inda amarya ta ƙwace miji daga uwargida saboda tana zuba yajinmu a miya. Wannan karon an yi sharhi ba adadi, kuma a nan na ga yadda manhajojin suke aiki. Ba sa tambaya ko mai sharhi ya ji daɗi ko ransa ya ɓaci. Abin da suke aunawa shi ne tsawon lokacin da aka kalla, da yawan sharhi, da yawan turawa, don haka faɗan da mata suka kaure da shi a ƙarƙashin bidiyon ya zama man fetur da ya ƙara tura shi gaba. Ni ina ganin nasara, ashe tsofaffin masu sayen Hajiya suna kiranta ɗaya bayan ɗaya. Da la'asar ta kira ni zaure, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce akwai gidan da shekara 12 tana kai wa uwargida yaji, da aka yi amarya ita ma ta zama mai saye, kuma ita ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba, sai ga shi yau robarta ta shiga. Na ce, “Hajiya, a yi haƙuri, wasa ne.” Ta ce ai wasa yana da masu shi. Gaskiyarta. Bafulatani yana tsokanar Babarbare a yi dariya domin kowa ya san tsohuwar alaƙar da ta ba shi wannan dama, amma tambarin kamfani ba taubashin kowa ba ne, kuma bidiyo yana faɗawa hannun wadda ranar take cikin ɓacin ran da kake wasa da shi. Ko manyan kamfanoni sun taka wannan sawun: a Afrilun 2017 Pepsi ya janye wata talla cikin kusan kwana ɗaya saboda ta mai da zanga-zanga abin ado. Na goge bidiyon a daren, ko da yake waɗanda suka sauke shi sun ci gaba da yawo da shi har wajen wata guda.

Daga nan na koma littafin ciniki, na bi sunaye layi-layi ina tambayar inda kowane ciniki ya fito. Mafi yawansu daga mata ne kusan 30, a Ƙofar Marusa da Ƙofar Sauri da Rafindadi, da wasu a Daura da Funtuwa da Malumfashi, waɗanda suke sarar katan ɗaya ko biyu su sa hoto a sitatus ɗin WhatsApp. Babu wadda a cikinsu take da mabiya dubu. Amma sitatus, wanda aka ƙirƙiro a 2017 kuma yake ɓacewa bayan awa 24, ba ya bayyana sai ga wanda ke da lambarka kai ma kana da tasa. Wato duk mai ganin hoton ta san mai sayarwa, ta san gidanta, wataƙila ma tare suke zuwa Islamiyya ko suke zubin adashe. Waɗannan matan su ne dillalan da muka sani tun muna yara, masu shiga gida-gida da ƙullin kaya a ka, sai dai yanzu ƙullin ya koma cikin waya.

A nan na gane bambancin da ba a koya mana a aji ba. Mai mabiya da ake biya ya yabi kaya ɗan'uwan maroƙi ne. Yana da murya, yana tara jama'a, kuma kowa ya san cewa wanda ya ba shi yau shi zai wasa, gobe kuma ya wasa wani. Ba aibu ba ne, sana'arsa ke nan, kuma tana da amfani idan abin da kake nema shi ne a ji sunanka a karon farko. Dillaliya kuwa dole ta koma gidan da ta sayar da kaya, ta haɗa ido da matar gidan a wurin suna ko biki. Idan yajin ya yi gishiri ko an cika shi da gari, ita za a tare, shi ya sa ba ta yabon abin da ba ta zuba a tukunyarta ba, shi ya sa kuma kalmarta ɗaya take fin kallo dubu nauyi.

Sai na sauya aikin gaba ɗaya. Na daina rubuta dogon bayani da Turanci, na koma ɗaukar gajerun bidiyo na yadda ake tsince barkono, ake shanya shi, ake daka, da murya ta Hausa, tambarin da lambar NAFDAC suna bayyane tun daga farko, a tura wa dillalan su sa a sitatus ɗinsu da lambarsu, ba tamu ba. Na koyi amsa tambaya da saƙon murya, domin da yawa daga masu sayenmu sun fi sakewa da ji a kan karatu. Na koyi cewa ba a ba direban tasha kaya sai an ga kuɗi a asusu da ido, domin hoton alat na jabu ya taɓa cin mana katan biyu.

Shekarar ba ta ƙare ba sai da ta nuna mini cewa duk shafukan nan gidan haya ne. Rufe Twitter da gwamnatin tarayya ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 bai taɓa mu sosai ba, tunda masu sayenmu ba can suke ba. Amma a watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu saboda matsalar tsaro, dillalanmu na Funtuwa da Malumfashi suka yi tsit lokaci guda. Ranar 4 ga Oktoba kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka tsaya cak a duniya baki ɗaya na kusan awa shida, na zauna riƙe da waya kamar wanda aka kora daga shagonsa. Hajiya ba ta ko girgiza ba. Ta ɗauko tsohon littafinta mai bangon leda, wanda na sha yi wa dariya a zuci, inda ta rubuta sunan kowace dillaliya da unguwarta da direban da ya san ƙofar gidanta. Duk ranar Litinin da Alhamis muka riƙa kai kaya tasha da 'yar takarda a maƙale a kowane katan, direban ya dawo da kuɗi da saƙon abin da za a ƙaro, har aka buɗe layukan.

Har yanzu nakan hau abin da ake yayi idan ya dace da kayan kuma ba zai sosa ran kowa ba, kuma da azumi ya gabato mukan biya Facebook ya nuna tallar garin kunu ga matan Katsina da Daura kaɗai, maimakon a watsa ta ga duk Nijeriya. Sau biyu ma mun sake ɗaukar masu barkwanci, da sharaɗin a ambaci sunan yajin tun a farkon bidiyo, kuma Hajiya ta kalla kafin a saka. Na ƙara shafi ɗaya a littafin nata, inda duk sabuwar mai saye nake tambayarta a ina ta ji labarinmu in rubuta. Wadda ta kira jiya daga Daura ta ce a gidan suna ta ci dambu da yajin, ta tambayi mai gidan, aka juya mata robar ta kwafi lambar.