Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ɗakin Injin Kawu

Makon jiya na tsaya a kan auren Yaya Hajara, amma sai ku yi mini haƙuri, abin da aka yi ran Asabar a tsohon gidan siliman garinmu Kaura Namoda ya tsaya mini a rai. An buɗe shi bayan gyara, an jero sunayen waɗanda suka ba da siminti da kwanon rufi, har mai fenti an yi wa tafi, amma babu wanda ya ambaci Kawu, wanda shi ke haska fim a wurin a da. Dama ya sha faɗa mini: "Ɗana, mai haska ma mutane cikin duhu shika zama."

Kaura Namoda ai jirgin ƙasa ne ya raya ta. Tunda layin dogo ya tuƙe a nan a 1929, gyaɗa da auduga suka jawo Kwarori da Yarbawa da Ibo, daga baya silima ta biyo sawunsu. Fili ne kawai da katanga, ba rufi, sai bencina da farin bango. Gwangwanayen fim daga Kano ake kawo su, na Indiya da na 'yan Chana, sun sha hannu kafin su iso mana.

Ni ke kai wa Kawu tuwo ɗakin inji. Ɗaki ne ƙarami a sama, zafi kamar gidan burodi. Fitilar injin sandunan gawayi biyu ne, yana matso da su a hankali kada hasken ya dusashe, shi ya sa yatsunsa duk tabon ƙuna. In fim ya tsinke, ƙasa ta ɗauki ihu da zagi, shi kuwa ya kankare bakin da reza, ya shafa gam, ya haɗa, ko ɗaga kai ba ya yi. Cikin masu zagin nan akwai waɗanda na gani ran Asabar a kujerun gaba da manyan riguna.

Inna har ta rasu ba ta yarda da wurin ba, gidan 'yan iska take ce masa. Amma kuɗin makarantata daga ɗakin nan ya fito, ta kuma sani.

Yanzu kowa cewa yake Shari'a ce ta kashe silima. Gaskiya ne bayan Yariman Bakura ya ƙaddamar da ita a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999 an rufe gidajen. Sai dai tamu ta riga ta kwanta. Bidiyo ya shiga gidaje, kaset ɗin finafinan Hausa ya cika kasuwa, Kawu na haska wa bencina babu kowa, albashinsa ma sai ya bi mai gidan da roƙo. Cikin duhu shika zama ɗin ke nan. Wurin ya koma ma'ajin taki, daga baya awaki suka gaje shi.

Samarin da suka tashe shi ban raina musu ba, wallahi sun yi ƙoƙari. Sun yi rufi, sun sa sola, ana wasan kwaikwayo da la'asar, mata gefe maza gefe, a tashi kafin magariba saboda halin da hanyoyinmu ke ciki. Na tambayi shugabansu injin Kawu, ya ce, "Baba, wane inji?" 'Yan gwangwan aka sayar wa a kilo, kuma ɗan gidanmu ne ya karɓi kuɗin. Mako mai zuwa zan faɗi yadda aka yi.