Godiya bayan saukar labulen Straszny dwór

Alhamdu lillahi, an sauke labule na ƙarshe. Duk wanda ya bi mu tun daga ranar da takardun kiɗa suka makara ya san abin da aka sha.

Wasan waƙar nan na mai tsara kiɗa ɗan Polan, Stanisław Moniuszko, ba a cika sa shi a wajen ƙasar Polan ba. A Warso ma, da aka fara shi a 1865, sau uku kawai aka yi, masu tace wasanni na Sarkin Rasha suka hana. Da muka shiga aikin muka gane abin da ke korar mutane. Harshen kansa aiki ne: baƙaƙe uku ko huɗu a jere ba wasali, mawaƙi kuwa a kan wasali yake jan murya. Malamarmu ta harshen, Allah ya saka miki. Ke kika zauna da kowa, gaɓa bayan gaɓa, har ya zauna a bakinsu cewa nauyin kalma yana kan gaɓar kusa da ƙarshe.

Amma wanda ba za mu manta ba shi ne Baba kafinta. A kashi na uku na wasan, wani mai suna Damazy yana ɓuya a cikin babban agogo, don haka dole akwatin ya ɗauki mutum a tsaye. Daren gwajin ƙarshe ƙofar ta cije da mawaƙin a ciki. Fenti aka shafa har sau uku bai gama bushewa ba, ga zafin fitilu, ga shi ba a huda wa akwatin mashigar iska ba. Muna jin bugunsa daga ciki, makaɗa ba su sani ba suna ta kiɗa. Baba ya ɓalle bayan akwatin ya fito da shi jiƙe da gumi. Bai tafi gida ba daren nan. Ya kankare milimita 3 daga gefen ƙofar, ya cire sakatar ya sa maganaɗisu yadda za a iya turawa daga ciki, ya huda ramuka takwas ta baya. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya albarkaci zuriyarka, ya sa hannun nan ya shaide ka da alheri ranar gobe.

Telolinmu sun ɗinke tsagaggun hannayen rigunan kontusz (dogayen rigunan gargajiya na Polan) ta ciki, don kada su maƙale a rawar mazur (rawar gargajiyar Polan) ta kashi na huɗu. Kakin da 'yan mata ke zubawa a ruwa a kashi na biyu kuwa, an ƙera shi tun da rana aka sa a ƙasan kwano, ba a kunna wuta kusa da yadi ba. Allah ya biya ku duka.

Kujeru shida da muka ajiye wa 'yan uwa a layin gaba sun kwana ba kowa, dare uku. Allah ya sa lafiya ce ta riƙe su.