Sirdi da mutuwar yatsu a keken tsere

Tun da na fara hawan keken tsere na gane ciwon da hawan ke jawowa iri biyu ne. Tsamin ƙasusuwan mazaunai yana wucewa bayan 'yan makonni, jiki ya saba. Amma in matsematsi ya mutu, ko ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka sage, wannan ba na jurewa ba ne. Jijiya ce ake dannewa.

Abin da ya ba ni mamaki, gyaran sirdi ne ya raba ni da mutuwar hannu. Ashe hancin sirdin, wato gabansa, ya ɗan sunkuya, sai jiki ya riƙa zamewa gaba, nauyi duk ya koma tafin hannu. Aka daidaita shi ya kwanta, aka rage tsayinsa yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe idan feda ta kai ƙasa.

Sirdi mai laushi sosai kuwa, ni dai ban yarda da shi ba a doguwar tafiya. Ka nutse ciki, ya danne inda bai kamata ba.

Sababbin mahaya, don Allah ku riƙa sauya riƙo, ku sassauta gwiwar hannu, ku miƙe kan feda jefi-jefi. In yatsu suka kwana a mace, a ga likita.