Shirun alƙalin sasanci, da shirun wanda muke karewa

A shekarata ta farko a aikin lauya aka ɗora mini rubuta takardar neman kotu ta soke wani hukuncin sasanci, wato hukuncin da alƙalai masu zaman kansu ke yankewa a wajen kotu bisa yardar masu rigima. Wanda muke karewa ya sha kaye, kuma ya dage cewa ɗaya daga cikin alƙalan sasancin uku yana da tsohuwar hulɗar kasuwanci da abokin shari'arsa. Na cika shafuka ina zayyana kurakuran da suka tafka wajen fassara kwangilar. Maigidana ya karanta, ya ajiye, ya ce, "Wannan ai ɗaukaka ƙara ka rubuta. Yaushe mutumin naka ya san da hulɗar?" Sai na yi tsuru-tsuru.

Ashe kotu ba ta sake buɗe rigimar daga tushe. Wanda ya yarda da sasanci ya yarda da sakamakonsa, ya yi masa daɗi ko bai yi ba. Yarjejeniyar New York ta 1958 ma, wadda ƙasashe suka ƙulla kan aiwatar da hukuncin sasancin da aka yanke a wata ƙasa, ƙofofi kaɗan ta bari na ƙin aiwatar da hukunci. In kuwa son kai kake zargi, ba a neman ka tona zuciyar alƙali. A Ingila, alal misali, ma'aunin shi ne: mutum mai adalci, wanda ya san yadda abin ya kasance, zai ga yiwuwar son kai ta gaske?

Ɓoyewa ita ke fi jefa alƙali cikin ruwa. A 1968, a shari'ar Commonwealth Coatings, Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukunci don alƙalin bai faɗi cewa ya sha yi wa ɗaya ɓangaren aiki ana biyansa ba, alhali babu wanda ya nuna ya yi rashin gaskiya. Na ɗauka daga nan magana ta ƙare: ka ɓoye, a soke. Sai na ci karo da shari'ar kamfanin Halliburton da kamfanin inshora na Chubb, wadda ta samo asali daga fashewar dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon a 2010. Alƙalin ya karɓi naɗi a wasu shari'o'in sasanci kan wannan hatsarin, ɗaya daga hannun Chubb, bai sanar da Halliburton ba. A Nuwamban 2020 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce lallai ya saɓa wajibin bayyanawa, amma ba ta ga dalilin tsige shi ba. Har yau wannan hukunci bai kwanta mini ba. Wajibin da saɓa shi bai jawo komai ba, ina ƙarfinsa? Wata ɗaya bayan haka kuwa, Kotun Tarayyar Suwizalan ta rushe dakatarwar shekara 8 da aka yi wa ɗan ninƙayar Sin, Sun Yang, saboda kalaman da shugaban alƙalan sasancin wasanni da suka yanke hukuncin, Franco Frattini, ya taɓa wallafawa a Twitter kan mutanen Sin da yanka karnuka.

To, mu dawo kan tambayar maigida. Na koma cikin fayil ina bin wasiƙu ɗaya bayan ɗaya, sai ga ta: mutuminmu ya san da hulɗar tun watanni kafin a fara zama. Shiru ya yi, yana jiran ya ga inda iska za ta kaɗa. In ya ci, shi ke nan. In an ci shi, ya zaro makaminsa. Doka ta san da wannan dabara. Dokar samfuri ta UNCITRAL, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokokin kasuwanci tsakanin ƙasashe, kwana 15 ta ba ka na yin ƙorafi kan alƙali daga ranar da ka sani, sai fa in ɓangarorin sun shirya wani tsari dabam. Sashe na 73 na dokar sasancin Ingila ta 1996 kuma ya ce wanda ya ci gaba da shari'a bai ƙorafta ba, alhali ya sani ko da ya bincika zai sani, ya zubar da damarsa.

Ni aka tura in faɗa masa ba za mu shigar da ƙarar ba. Bai ji daɗi ba ko kaɗan, har ya tambaye ni ko lauyan wa nake. Na miƙa masa wasiƙar, na nuna masa kwanan watan da ke kanta.