Kafin ka ce risibar ta mutu

Yawancin kayan kallon da ake kinkima a kai wa mai gyara lafiyarsu ƙalau. Na daɗe ina haɗa wa 'yan uwa da abokai talabijin da dikoda da risibar sauti, wato akwatin nan da ke karɓar murya ya rarraba wa sifikoki, a falon gida da gidajen kallon ƙwallo. Asarar da na tafka a harkar ta wayoyin da na saya babu dalili ce, sai kuma kayan da na ƙona da hannuna. Ku ƙannena da aka mayar injiniyoyin gida don kawai an ga kun iya latsa waya, da ku nake.

Babban abin da ya fi wahalar da ni a farko shi ne canja komai lokaci guda. Da zarar sauti ya ɗauke, sai in cire wannan waya, in sauya wancan rami, in shiga saiti in jujjuya abin da ban ma san aikinsa ba. Wani lokacin sai ya gyaru, amma ban san me ya gyara shi ba, don haka gobe idan ya sake sai in koma gidan jiya. Wani lokacin kuma matsala ɗaya ta haifi uku. Yanzu idan an kira ni, rage kaya nake fara yi. Ɗauki kebul ɗaya da ka tabbatar yana aiki, ka haɗa dikoda kai tsaye da talabijin, ka ajiye risiba gefe. Idan hoto da murya sun fito, dikoda da talabijin da kebul sun fita daga zargi. Sai ka dawo da risiba tsakani. Duk abin da ka ƙara, ka tsaya ka gwada kafin ka taɓa na gaba. Wurin da abu ya tsaya, nan ciwon yake.

Leƙa bayan risibar da tocila, kada ka lalluba da hannu cikin duhu. Za ka ga jerin ramukan HDMI, wato inda kebul mai ɗaukar hoto da murya tare yake shiga, dukkansu kama ɗaya. Mafi yawansu an rubuta musu IN, su ne na dikoda da na'urar wasa da kwamfuta. Ɗaya, wani lokaci biyu, an rubuta OUT, shi ne mai tafiya talabijin. Na taɓa ɓata yammaci guda ina zargin kebul, ashe wayar talabijin na cusa a ramin IN. Bayan haka kuma akwai zaɓin mashiga sau biyu, wanda mutane ke mantawa: talabijin ya tsaya a kan ramin da risiba ta shigo, ita kuma risiba ta tsaya a kan ramin da dikoda take. Idan ɗaya ya kauce, baƙin allo za ka gani. Yaro ɗaya da ya zauna a kan rimot ya isa ya jawo wannan.

Inda aka fi shan wuya shi ne lokacin da kake so muryar YouTube ko Netflix da ke cikin talabijin ɗin kansa ta fito ta manyan sifikoki. A nan murya za ta yi tafiyar baya, daga talabijin zuwa risiba. Hanyar da aka tanada don haka sunanta ARC, ta zo ne da HDMI 1.4 a shekarar 2009. Ba kowane rami ke da ita ba. A talabijin mai ramuka uku ko huɗu, galibi ɗaya ne kaɗai aka rubuta wa ARC a gefensa da ƙananan haruffa, kuma shi ne dole ya haɗu da ramin OUT na risiba mai irin wannan rubutu. Ko ka dace da ramin, ba a gama ba. ARC ba ta tashi sai an kunna CEC a ɓangarorin biyu, tsarin da ke sa na'urori su riƙa ba juna umarni ta cikin kebul. Abin haushin shi ne kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa. Samsung na cewa Anynet+, LG na cewa SimpLink, Sony na cewa Bravia Sync, Panasonic Viera Link, Philips kuma EasyLink. A risiba sau da yawa za ka tarar da shi a matsayin HDMI Control. Ni na yi ta neman haruffan CEC a saiti ban gani ba, har na yanke hukuncin cewa talabijin ɗin ba ya da ARC, na je na sayo na'urar da ban buƙata. Bayan ka kunna, ka shiga saitin sauti na talabijin ka ɗauke murya daga sifikar cikinsa ka mayar da ita ga risiba.

Shi CEC ɗin ma yana da nasa halin. Idan ka ga talabijin na kunna kansa da tsakar dare, ko yana tsallakewa zuwa wani rami kana tsakiyar kallo, kada ka fara tunanin aljanu. Wata na'ura ce a cikin jerin ke aika umarni. Cire su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin, sai ka kashe mata CEC ita kaɗai.

Akwai kuma eARC da ya zo da HDMI 2.1 a 2017, wanda ke iya ɗaukar sauti mai nauyi irin Dolby TrueHD da tsohuwar ARC ba ta iya ɗauka. Idan ɗaya daga cikin kayanka na da eARC ɗayan kuma ARC kawai, za su daidaita a kan ARC. Wannan ba lalacewa ba ce.

Duk lokacin da na'urori biyu suka haɗu ta HDMI, sai sun gaisa kafin su fara aiki. Talabijin ya faɗi irin hoton da zai iya nunawa da irin sautin da yake ganewa, sannan su tabbatar wa juna tsarin hana satar fasaha da ake kira HDCP. Idan gaisuwar ta katse a tsakiya, sai ka ga allo na ƙiftawa, ko hoto ya fito ba murya, ko launi ya koma kore da ruwan hoda. A wurinmu da ake ɗauke wuta a dawo da ita ba sallama, kuma komai ya tashi lokaci ɗaya, wannan na yawan faruwa. Kashewa da rimot ba ya wadatarwa, domin kayan ba su mutu ba, barci kawai suka yi. Zare filogin kowa daga bango, ka ɗan jira minti ɗaya ko biyu, sannan ka kunna talabijin tukuna, sai risiba, sai dikoda a ƙarshe. Sau da yawa shi ke nan.

Wannan HDCP shi ne kuma ke kayar da masu tsohuwar risiba da sabon talabijin. Fina-finan 4K masu kariya na neman HDCP 2.2 a kan kowace na'ura da ke hanya. Risibar da aka ƙera kafin wannan zamani ba ta san shi ba, sai ta tare hoton ko ta sa a rage shi zuwa 1080p. Ba sai ka jefar da ita ba. Kai na'urar 4K ɗin kai tsaye ga talabijin, ka dawo da murya zuwa risiba ta ARC ko ta wayar haske, wato optical, mai aika murya da haske. Idan kuma hoton ya fito amma launinsa bai cika ba, a talabijin da yawa sai ka buɗe wa kowane rami cikakken ƙarfinsa da hannu: Input Signal Plus a Samsung, HDMI Ultra HD Deep Colour a LG, Enhanced format a Sony.

Maganar kebul kuwa, na taɓa biyan kuɗi mai zafi don wani mai kai ruwan zinare da aka rantse mini zai ƙara wa hoto kyau. Bai ƙara komai ba. Kebul na HDMI ko ya isar da saƙo ko ya kasa. Idan ya kasa za ka ga ɗigo-ɗigon fari suna walƙiya ko hoto na ɗaukewa. Abin dubawa shi ne yawan abin da zai iya ɗauka. HDMI 2.0 na kaiwa gigabit 18 a daƙiƙa, 2.1 kuma 48. Ga dikodar 1080p da mita ɗaya ko biyu, na talaka ma ya isa. Tsayi ne ke kawo matsala, musamman a gidan kallo inda ake jan waya mita goma ko fiye zuwa allo na biyu. Dogayen kebul masu ƙarin ƙarfi a ciki suna da gaba da baya: kai ɗaya an rubuta Source, ɗayan Display ko TV. Ka gwada shi a ƙasa kafin ka bi silin da shi, domin idan ka juya shi ba abin da zai fito.

Wayar haske, wadda Toshiba ta fito da ita tun 1983, har yanzu tana ceton mutane. Ba ruwanta da CEC, ba ruwanta da gaisuwa. Idan ka jona kai ɗaya a talabijin, za ka ga jan haske a ɗaya kan. Sabuwa tana zuwa da 'yar hular roba a kan tsininta, ƙarama sosai kuma garai-garai, wadda ido ba ya saurin kamawa. Na ga wanda ya danna ta da hular har ƙofar ramin ta karye. Cire hular, ka daidaita siffar kan da ta ramin, za ka ji ɗan ƙas idan ta zauna. Kada ka lanƙwasa ta da ƙarfi. Tana ɗaukar sitiriyo da Dolby Digital da DTS na sifika biyar da wufa, ba ta wuce nan.

A nan ne batun PCM ke shigowa. A saitin sautin talabijin ko dikoda za ka ga zaɓi tsakanin PCM da Bitstream, wasu su rubuta Auto ko Dolby Digital. PCM na nufin na'urar ta warware sautin da kanta ta aika shi a buɗe. Bitstream kuwa a ƙulle take aika shi, risiba ta warware. Idan kana amfani da ƙaramin akwatin nan mai araha da ke mayar da wayar haske zuwa ja da fari don tsohuwar amfilifaya, PCM kaɗai yake ganewa. Ka ba shi Dolby, sai ko shiru ko wata ƙara mai tsaga kunne. Alamar wannan ciwo a bayyane take: wata tasha na magana, wata ba ta yi. Mayar da shi PCM ka gani. Amma mai cikakkiyar risiba da ya bar saiti a PCM ta ARC ko wayar haske, sitiriyo kawai zai samu, sifikokin baya su yi ta zaman banza.

Idan baki na motsi bayan murya ta riga ta wuce, talabijin ne ke ɓata lokaci wajen gyara hoto. Nemi Audio Delay ko Lip Sync a risiba ka ƙara kaɗan-kaɗan, kana kallon mai karanta labarai.

Sai wayoyin sifika, inda ganganci ya fi tsada. Idan ka fere waya, murɗe zaren tagullan sosai kafin ka ɗaure. Sili ɗaya tak, siriri kamar gashi, idan ya tsallaka daga jan maɗauri ya taɓa baƙi, risiba za ta kunna ta yi ƙas ta mutu, ko ta rubuta Protect. Kare kanta take yi. Kada ka yi ta tilasta mata kunnawa. Zare dukkan wayoyin sifika, ka mayar da su ɗaya-ɗaya. Ja da ja, baƙi da baƙi, a kowane ɓangare. Idan ka juya na sifika ɗaya ba abin da zai ƙone, amma dukan ganga zai yi laushi, murya kuma ta rasa tsakiya. In wayar ba ta da alama, taɓa bakinta da ƙaramin batir mai bolt 1.5 na ɗan lokaci: idan fatar sifikar ta turo waje, wayar da ke ɓangaren batir mai alamar + ita ce ta ja. Ka kuma karanta lambar ohm a bayan sifika. Waɗanda ake sayarwa a kwali ɗaya da na'urar DVD sukan zama ohm 3 ko 4, alhali risiba da yawa 6 zuwa 8 suke so. Ka haɗa su ka ƙure murya ranar wasan ƙarshe, za ta yi zafi ta ɗauke ana tsakiyar bugun fanareti. Haka ma idan an lulluɓe ta da kyallen ado don gudun ƙurar hunturu, ko an ɗora dikoda a kan ramukan iskarta. Ƙurar a goge ta, amma a bar saman a buɗe.

Gurnanin nan mai "huuum" da ba ya tafiya ko an rage murya, sau da yawa daga wayar dish yake shigowa, saboda ƙasan wutarta, wato earth, ya bambanta da na soket ɗin gida. Kwance wayar dish daga bayan dikoda. Idan gurnanin ya tsaya, ka gano shi. Jona dukkan kayan a kan soket ɗaya, in bai bari ba akwai 'yar na'urar rabewa da ake ɗaurawa a kan wayar eriya, amma ka tabbatar wadda ta dace da dish ce, domin dikoda na tura wuta ta wannan waya zuwa kan dish ɗin. Kada ka yarda da mai cewa a karya ƙafa ta uku ta filogi. Kuma idan kana taɓa ƙarfen bayan dikoda kana jin ɗan ja, gidan ba shi da ƙasa mai kyau. A irin wannan gida, cusa HDMI alhali kaya na kunne na iya kashe ramin gaba ɗaya. Na kashe na wani bawan Allah haka, da ɗan tartsatsin da ko ƙara bai yi ba. Da damina kuma, hadari na haɗuwa ka zare wayar dish tare da filogi, don tsawa ta nan ma take bi.

Na bar wanda ya fi ƙona mini rai zuwa ƙarshe. Risibobin gwanjo da ake shigowa da su daga waje suna da kyau da araha, amma ba duka aka yi wa wutarmu ba. Mu a Najeriya da Nijar wutarmu tana tsakanin bolt 220 zuwa 230 ce. Ta Amurka 120 ce, ta Japan 100. Cajar waya da yawancin talabijin na zamani suna karɓar 100 zuwa 240, shi ya sa muka saba jonawa ba tunani. Risiba ba haka take ba, babbar taransifoma ce a cikinta da aka naɗa don wuta iri ɗaya. Na sayi wata, filoginta mai ƙafa biyu masu faɗi, na sa mata adafta na jona. Ta yi haske sau ɗaya, sai wari. Rubutun yana nan ƙarara kusa da inda wayar wuta ta fito, AC 120V 60Hz, ban duba ba. Adafta siffar ƙafa kawai take canjawa, sitabilaiza kuma ba ta rage wuta zuwa 120 sai in tana da ramin 110 na musamman. Wasu risibobin na da ɗan makunnin zaɓen wuta a baya, a juya shi da sukundireba kafin a jona. In babu, sai taransifomar rage wuta wadda watt ɗinta ya zarce abin da aka rubuta a bayan risibar da tazara mai kyau, kuma ka naɗe filogin da jan tef ka rubuta 110 a jiki, saboda ranar da ba ka gida wani zai zo shara ya zare ya mayar a bango.