Abin da Gyaran Tsofaffin Babura Ya Koya Mini Game da Zaɓen Taya

A shekarun da na yi ina gyaran tsofaffin babura, irin su Honda da Vespa da iyayenmu suka hau, na lura cewa mai babur yakan zo gareji da buƙata guda, wato a sa masa taya mai faɗi domin babur ɗin ya cika ido. Aiki ya nuna mini cewa wili da firam ne ke yanke hukuncin tayar da za ta zauna, kuma sha'awar mai babur tana zuwa ne bayan nasu.

Da inci ake auna tayoyin waɗannan babura. Honda Super Cub ta 1958 ta fito da 2.25-17, ma'ana faɗin taya inci biyu da kwata a kan wili mai inci 17, ita kuwa CB750 ta 1969 tana ɗaukar 3.25-19 a gaba da 4.00-18 a baya. A wannan tsohon lissafi tsayin gefen taya kusan daidai yake da faɗinta. Lissafin yanzu daban ne, domin 110/90-18 na nufin faɗin milimita 110 da tsayin da ya kai kashi 90 cikin ɗari na faɗin. Lambar da ta fi yaudarar mutane ita ce 4.10-18: a rubuce ta fi 4.00-18 girma, amma a zahiri ta fi ta gajarta, tun da an yi ta ne ta maye gurbin 3.50. Idan taya ta gajarta a baya, babur yakan sunkuya ta can, kansa ya yi nauyin juyawa. Idan kuma a gaba ne, agogon gudu da ke karɓar lissafinsa daga wilin gaba zai riƙa nuna gudun da ba a yi ba.

Faɗin wili shi ne abin da nake fara aunawa kafin na saurari kowa. Baburan Ingila da na Japan na wancan zamani sukan zo da wili mai lambar WM2, faɗinsa inci 1.85, ko WM3 mai inci 2.15. In aka cusa taya mai faɗi a siririn wili, bakinta yakan matse, bayanta ya yi tsini kamar ƙwai, sai wurin da ke taɓa ƙasa ya ragu maimakon ya ƙaru, babur ya riƙa faɗawa cikin kwana ba da izinin matuƙi ba. Ga kuma matsalar sarari, domin taya tana ɗan kumbura idan ta ɗauki zafi da gudu, kuma wadda ta wuce da ƙyar a gareji tana iya gogar murfin sarƙa a kan hanya.

Zanen taya ya fi jawo gardama. A da, ana sa wa gaba taya mai dogayen layuka da suka zagaye ta, irin Avon Speedmaster, domin ta riƙe kai a miƙe, a sa wa baya mai ƙananan haƙora domin ja da birki. Dunlop K81 ta canza tunanin mutane da siffarta mai ba da riƙo a kwana, kuma a 1969 Malcolm Uphill ya zagaye hanyar tseren TT na tsibirin Man da ita a kan Triumph Bonneville da matsakaicin gudun mil 100 a awa, abin da ya sa aka raɗa mata suna TT100. Wannan tarihi yana da daɗin ji, amma tambayar da nake yi wa mai babur ita ce inda yake bi kullum. Taya mai layuka ba ta da abin kama rairayi ko taɓo, saboda haka ba na ba wa mai bin burji shawarar sa ta, duk da kyanta. Mai manyan haƙora kuma tana gurnani a kwalta, tana saurin cinyewa, kuma riƙonta yana raguwa idan an yi ruwa. Ga wanda ke haɗa hanyoyin biyu, na fi natsuwa da matsakaicin zane irin na tayar Dunlop K70. Masu Vespa sun huta da yawancin wannan, tun da 3.50-8 ko 3.50-10 ɗaya ce gaba da baya, har da safaya a gefe.

Wili mai wayoyi ba ya riƙe iska da kansa, don haka ko an rubuta a jikin taya cewa ba ta buƙatar tib, dole a sa shi, tare da robar da ke rufe kawunan wayoyin kada su huda shi. Tayar radiyal, wato mai zaren ciki da ya miƙe daga baki zuwa baki, wadda Michelin ta kawo wa baburan titi a 1987, ba na sa ta a firam ɗin da aka ƙera kafin zuwanta. Sannan akwai shekarun taya, musamman da yake irin waɗannan lambobi sukan daɗe a shago ba a nema ba. Tun daga 2000, lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke jikin taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta kwana biyu a zafin shago tana iya zama da zanenta cif, alhali robar ta bushe ta yi tauri, kuma irinta nakan mayar wa mai shago ko da ya rage mini kuɗi.