Takardun shafa kala da suka ƙwato min wayata

Dogon hutun nan na watan Agustan bara saura kaɗan yara su haukata ni wallahi. Ruwa kusan kullum, tsakar gida duk taɓo, ba damar fita wasa, su uku a ɗaki kuma kowa idonsa na kan wayata. Datar da na saba ta yi min wata sai ta ƙare a kwana goma saboda katun ɗin nan na kyanwa da ɓera. Ranar da tura ta kai bango, wata mata ce ta kira ni har sau huɗu a kan ɗinkinta, ashe autana ne yake katsewa don kar a tsayar masa da kallo. Shekararsa huɗu fa a lokacin. Ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce yaro mai shekara 2 zuwa 4 kar ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin, nawa kuwa in na lissafa sai dai in ce Allah ya yafe min.

Ƙanwata da ke koyarwa a ajin nazire ce ta ce, Yaya tunda katun suke so ki ba su katun ɗin a takarda mana. Washegari na hau keke napep zuwa wajen kasuwar Wunti a nan Bauchi, na shiga shagon masu fotokwafi, yaron shagon ya nemo min zanen a intanet, irin wanda layi ne kawai baƙi cikinsa fari. Kowane hoto guda ɗaya na sa ya fitar a firinta sauran aka yi fotokwafi, don ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma dole kowa ya samu iri ɗaya in ba haka ba rigima ce har magariba. Na tsaya na sayi kala kwali biyu.

Kuskure na farko, na zaɓo hotuna masu ƙananan zane da yawa don ni suka burge. Babbar mai shekara tara ta ji daɗinsu, amma auta minti biyu ya yi ya jefar. Ƙaramin yaro babban hoto yake so, mai layi kauri, ƙwallo ko kifi ko mota. Na biyu kuma araha ta ja ni, kalar nan sai ka danna da ƙarfin tuwo kafin ta fito, takarda ta yage a yi ta kuka.

Amma wanda har yau yake min ciwo shi ne na giwa. Auta ya zauna ya shafe giwarsa da ja tun daga hanci har wutsiya, ya kawo min yana ta murna, ni kuma maimakon in yaba sai na ce a ina ka taɓa ganin jar giwa, ba ka ga hoton na Yankari ba, ruwan toka ne. Na ɗauko sabuwar takarda na ce ya sake. Bai sake ba. Kwana biyu ko kallon kwalin kalar bai yi ba, ya koma bin wayata. Surukata tana kan tabarma tana jan carbi duk ta ji, sai cewa ta yi, ke giwar taki ce ko tasa? Na ce tasa ce Hajiya. Ta ce to ina ruwanki. Ita ce ta lallaɓa shi ya dawo, ta ce ya yi mata akuya shuɗiya za ta kai kasuwa.

Daga nan zaman ya koma wajenta, kuma a nan na gano abin kunya, yarana ba su san sunan launi da Hausa ba in ka cire ja da fari da baƙi. Yalo, bulu, girin, shi ke nan. Hajiya in ka ce mata yalo sai ta yi kamar ba ta ji ba har sai ka ce ruwan ɗorawa. Ruwan goro, ruwan hoda, ruwan ƙasa, tsanwa, duk a bakinta suka ɗauka. Ta tsakiyar ta tambaya wai mece ce ɗorawa, ba ta taɓa gani ba! Sai da bazara ta zo aka samo musu a kasuwar Muda Lawal, suka fasa suka ga garin, suka lasa, baki duk ya yi ɗorawa. Ta tsakiyar ce kuma ta gano da kanta in ta shafa shuɗi a kan ɗorawa kore ne yake fitowa, ta yi ta ihu kamar ta tsinci kuɗi.

Babansu ya ɗan yi magana a kan hotunan masu rai, muka daidaita ba a manna su a bangon ɗakin da ake salla, na kuma ƙaro musu zanen dagi da fulawa da tutar Najeriya. A kan tutar ce babbar ta tsare ni da tambayar wa ya zana ta, sai da na duba na ce mata Taiwo Akinkunmi ne, a 1959 yana ɗalibi a Landan.

Wata dabara da ƙanwata ta koya min, ki karya kalar gida biyu ko uku. Da auta dunƙule hannu yake yi kamar zai yi daka, amma guntuwa ba ta riƙuwa sai da yatsu uku, irin riƙon fensir, yanzu haka yake riƙewa ba wanda ya matsa masa. Kuma kar ki bar kala a taga a zafin Afrilu na Bauchi, kaki ne, nawa sun narke sun haɗe da labule har yau tabon na nan.

Wayar dai ba wai sun daina nema ba ne, in na miƙa musu takarda na shige kicin minti goma ya yi yawa sun watse. Sai na ja keken ɗinkina kusa da tabarmarsu, ina taka shi suna miƙo min ina cewa kai wannan ya yi kyau. Jiya ma auta ya yi min raƙumi ruwan hoda mai ƙafa shida, ya ce biyun na canji ne in sauran sun gaji.